Roƙon Dakatar da Bidiyon Zaman Ƙararrawa

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Shirye-shirye,
Taron Shekara na Marubutan Almara da Ƙagaggun Labaran Kimiyya.

Daga:
Marubuciyar "Ruwan Tasha ta Tara",
Mai katin baƙi lamba 214.

Litinin, 17 ga Maris, 2025.

GAME DA: Abin da ya faru a Zaure na Biyu ranar Asabar, da roƙon kada a wallafa bidiyonsa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa. Da na hau dandamali ranar Juma'a, 14 ga wata, na lura cewa kwafin littafina da na aika wa babban baƙonku, wanda kowa ke kira Baban Taurari, yana gabansa cikin ledarsa, ba a ɓare ba, ya ɗora kofin shayi a kai. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Littafina na farko ne, shi kuma ya rubuta talatin. Na ambata ne kawai don kwamiti ya san a kan me aka gina hukuncin da ya biyo baya.

Ga ƙorafina:

1. A zaman Juma'a, mai taken "Injuna a Labaran Gobe", mu huɗu ne da makirufo uku. An ce in raba da na kusa da ni. Cikin awa guda ya miƙo mini sau ɗaya, ina tsakiyar jimla ta uku ya karɓe abinsa. Na shafe sati biyu ina shirya bayanina. Wannan na yafe.

2. Ranar Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe, aka yi Zaman Ƙararrawa. Kamar yadda Ranka ya daɗe ya sani, al'adar ita ce a karanta farkon labarin wani sabon marubuci, manya uku na sauraro, duk wanda ya ƙoshi ya kaɗa ƙararrawar da ke gabansa. Ƙa'ida ta shida a takardar shirin taro ta ce ba a bayyana mai rubutun. Da wannan sharaɗi na sa hannu. Amma mai gabatarwa ya ɗaga littafin sama, ya karanta sunana, ya kuma sa aka kawo mini kujera a gefen dandamali, wai don jama'a su ga fuskata.

3. Bai karanta labarin ba. Ya ce a shafin sadaukarwa ake gane hannun marubuci, sai ya fara daga nan. Layi biyu ne. Na sadaukar da littafin ga mahaifiyata, wadda ba ta iya karatu ba amma ta saurari kowane babi sau biyu. Ya karanta da siririyar murya, yana dafe ƙirji.

4. Sannan ya tambaya ko tana cikin zauren. Tana ciki, layi na huɗu. Shekara ashirin da biyu tana goge-goge a asibiti, kuma ranar ce ta fara shiga ɗakin taro ba da tsintsiya ba. Ya ce ta miƙe. Ta miƙe, ta gyara mayafi, aka tafa, ta ɗaga hannu tana godiya, domin ta zaci karramawa ce.

5. A nan ne Baban Taurari ya kaɗa ƙararrawarsa, ya ce yanzu ya gane wanda ya tace littafin, ba sai an wahalar da shi da sauran ba. Zauren ya ɗauki dariya. Sauran biyun suka kaɗa nasu, ɗaya tana share hawaye. Inna ta ci gaba da tsayuwa tana murmushi, saboda babu wanda ya ce mata ta zauna. Na ƙirga. Daƙiƙa arba'in ne. Makirufo kuma na hannun mai gabatarwa.

6. Ba a karanta kalma ɗaya daga labarin ba. Amma a takardar sakamako an rubuta cewa ya faɗi a layi na biyu.

Ranka ya daɗe, ban nemi a yabi littafina ba. Idan an karanta shi aka ga bai yi ba, zan zauna a kaɗa mini ƙararrawa har ta tsage. Ni na sa hannu a takardar. Inna ba ta sa ba.

An sanar cewa za a ɗora bidiyon zaman a shafin taro ranar Juma'a mai zuwa, 21 ga wata. Abokan aikin Inna duk suna da waya. Tun sati uku da suka wuce take gaya musu za a kira 'yarta a gaban manya, kuma sun ce suna jira su gani. Gobe Talata take komawa aiki.

Saboda haka ina roƙon kwamiti, cikin ladabi, ya dakatar da wallafa wannan bidiyo gaba ɗayansa, ya kuma sanar da ni a rubuce kafin ranar Alhamis. Ban nemi kowa ya ba ni haƙuri ba. Mai gabatarwa ya riga ya same ni a bakin ƙofa ya shaida mini cewa haka ake yi wa kowa, kuma wata rana zan yi dariya.

Idan kwamiti na bukatar shaida, a duba minti na talatin da takwas, lokacin da kyamara ta juyo kan jama'a ana karanta shafin wani. Za a ga wata dattijuwa mai shuɗin mayafi ta tashi a layi na huɗu. Ta daidaita kujerarta da na kusa, ta tsinci wata takarda da wani ya yar a ƙasa, ta bi ta ƙofar gefe. Ta riƙe ƙofar har ta rufu a hankali, don kada ta dami masu sauraro.

Allah ya ƙara wa Ranka ya daɗe girma da lafiya.

Taku cikin biyayya,
(sa hannu)
Mai katin baƙi lamba 214.