Ganyayyakin Babana Suna Ajiye Babu Sunaye

Zuwa ga Shugaba da mambobin kwamitin tallafin matasan masu bincike, Gidan Adana Kayan Halittu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, da fatan kuna lafiya tare da iyalanku.

Sunana Dakta Rabi, 'yar Katsina, mazauniyar birnin Greensboro a ƙasar waje. Na yi digirin digirgir a kan tsirran magani na ƙasar Hausa, kuma busassun ganyayyakin da na yi aikin da su suna ɗakin ajiyarku. Ni da mahaifina muka tsinko su. Bai yi boko ba, amma babu ciyawar da zai gani a dajin garinmu bai san sunanta da ciwon da take warkarwa ba.

Na ɗaya. Bara na nemi tallafinku don in koma gida in zauna da shi, in rubuta abin da ya sani a kan kowane ganye. Kuka maido mini da amsa mai layi uku: na wuce shekara uku da kammala karatu, saboda haka ban cancanta ba. Da wata biyar kacal na wuce.

Na biyu. Fom ɗinku ba shi da gurbin da mutum zai faɗi inda shekarunsa suka tafi. Nawa a asibiti suka tafi. Bakwaini na haifa, kullum muna hanyar likita. Da yarinyar ta samu sauƙi, na kama aiki a wani shagon kayan abinci da ke kan titin High Point Road, ina auna wa mutane gari da manja.

Na uku. Mahaifina ya rasu cikin azumin nan. A wayarmu ta ƙarshe ya tambaye ni yaushe zan zo da littafin rubutun, don ya fara mantuwa. Na ce masa na kusa. Na kasa gaya masa an hana ni.

Yanzu ba kuɗi nake nema ba, wanda zan je wurinsa ya tafi. Roƙona biyu ne. Ku gyara wannan doka, a daina lissafa wa mace shekarun jinya da goyo kamar zaman banza ta yi. Sannan ku ba ni izinin shiga ɗakin ajiyar ranakun Asabar, ba sai kun biya ni ba, in rubuta ɗan abin da nake tunawa daga bakinsa. Wasu sunayen har sun fara ɓace mini.

Allah ya yi muku jagora, ya sa ku gama da iyayenku lafiya.

Wassalam.
Dakta Rabi