Kakin Zuman da Na Ɓoye wa Rabi

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Yaya ƙafar taka? Mu nan unguwar Nima sai godiyar Allah.

Yaya, abin kunya na yi wa 'yarka Rabi. A ofishinsu na unguwar Adabraka ta haɗa mini wani ɗan tsari a kwamfuta saboda kyandir ɗin da nake yi don sha'awa. Idan ta faɗa masa tsawo da kauri, sai ya ba da awon kaki da lagwani. Ta tambaye ni duk abin da nake zubawa. Na faɗa, amma na ɓoye cokalin kakin zuman da marigayiya Inna ta koya mini, don kada matan ofis su sani.

Da ta gwada awon da kanta, kyandir ya lanƙwashe saboda zafi, domin babu kakin zuman da ke ƙarfafa shi. Sati uku tana neman kuskurenta, har ta ce ƙila kanta bai iya wannan aikin ba. Ina ji, na ci gaba da ɓoye mata.

Jiya bayan la'asar na gaya mata. Na zaci za ta yi fushi, sai kawai ta ɗauko biro ta ce, "To Goggo, babban cokali ne ko ƙarami?" Har yanzu ban iya haɗa ido da ita ba.

Ka roƙa mini gafarar Allah, ka kuma taya ni ba ta haƙuri. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka, Asabe