Rasuwar Alhaji Kalilu Hodi, Wanda Ya Raba Maganinsa Biyu

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Manoma da Masu Ajiyar Albasa ta Kwarin Rima ta samu labarin rasuwar uban ƙungiya kuma dattijonta, Alhaji Kalilu Hodi Argungu, wanda Allah Ya yi wa cikawa a asibiti a Birnin Kebbi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya ƙarar da ƙuruciyarsa cikin rumbunan albasa, shi ya koya wa akasarinmu ware ruɓaɓɓiya daga mai kyau, kuma ba a taɓa ganin ya ci abu shi kaɗai alhali wani na kallo ba. A rumbunan nan ya shaƙi baƙar hunhunar da ke cin albasa, ta kama masa huhu, ga ciwon suga da ya riga ya raunana shi. Likitoci suka ɗora shi kan magunguna iri biyu, suka ja masa kunne cewa tare ake shan su, domin irin wannan hunhuna ba ta jin guda ɗaya.

Da ya dawo gida ya tarar abokin aikinsa, Malam Tamba, yana irin tarinsa, sai ya yi abin da ya saba: ya riƙe iri ɗaya, ya ba Tamba ɗayan. Daga nan ciwon ya ci ƙarfinsa, aka mayar da shi asibiti. Wallahi mun ji zafin wannan, domin wasunmu sun gani, har suka sa masa albarka. Magani ba goro ba ne, jama'a, ba a raba shi!

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai ɗakinsa Hajiya Fiddausi, da 'ya'yansa, da ɗaukacin zuri'ar Hodi. Allah Ya jiƙansa, Ya sa jinyarsa ta zama kaffara, Ya ba iyalansa juriyar wannan babban rashi.

Malam Tamba yana kwance a asibiti, yanzu ana ba shi magungunan duka biyu, kuma likitoci ba su yanke ƙauna ba. Muna roƙon masu zuwa dubiya da su kama bakinsu, kada kowa ya ɗora masa laifin da ba nasa ba. Tun jiya yake ƙin haɗiye ƙwayoyin, yana cewa rabon Alhaji ne.

Abdussamadu Mansur Gesse
Kakakin Ƙungiya, a madadin Shugaba da Majalisar Dattawa