Gwangwanin Sukarin da Na Zubar

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Amin.

Yaya, na zalunci Auta. Wata biyu yarinyar nan tana ɗirkar ruwa, tana ci tana ramewa, ga fitsarin kwance a shekara tara. Ni kuwa na kira shi sangarta, har na sa ta wanke shimfiɗarta a gaban yayyenta. Sai da ta galabaita muka je asibiti. Likita ya ce ciwon sukari ne irin na yara: jikinta ya daina samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, kuma ba kwaɗayi ya jawo shi ba.

Ranar da aka sallame mu na juye gwangwanin sukarinmu a kwata, na rantse da Allah ƙwaya ɗaya ba za ta sake shiga bakinta ta hannuna ba. Nas ta yi wata magana kan ajiye alewa a jaka. Na ɗauka sassauci ne na 'yan zamani.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Maman Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaisuwa, ya gida? Albishirinki! Auta ta yi wa kanta allurar insulin yau! Har tana tsokanata, wai ni ce nake runtse ido.

Amma ki ji abin da ya faru ranar Laraba. Na ɗauko ta daga makaranta bayan wasan guje-guje, sai ta tsaya a ƙofar wani shago, gumi sharkaf, tana karkarwa, maganarta tana harɗewa. Na huda yatsanta na gwada jinin da na'ura: sukarin ya faɗi ƙasa warwas. Mai shagon ya miƙo lemon kwalba yana faɗa, wai Hajiya, ke da yarinyar wa ya fi suma?

Na tsaya, Yaya. Ina jin kunyar faɗa, amma na tsaya ina auna rantsuwata, 'yata tana sulalewa a jikina. Don Allah na yi ta, ko don in huce haushin kaina?

Na kafa mata kwalbar a baki. Kafin kwata na awa ta miƙe tana neman takalminta! Alhamdulillahi! Ashe abin da na haramta, wani lokacin shi ne magani.

Na tambayi malami yadda zan yi kaffara, na kuma yi. Rantsuwa kam ban cika ta ba. Da hannuna na karya ta.

Ƙanwarki,
Maman Auta