Damin geron da Inna ta ƙi karɓa ya sa gonarmu ta Kalgo za ta suɓuce

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, don raina a ɓace yake, in na biye wa zuciyata zan yi abin da ba shi da kyau.

Mu a Gwandu muke zaune, amma mahaifina ɗan Kalgo ne, yana da gona a bakin gari. Da aiki ya maido shi Gwandu sai ya ba amininsa Baba Sahabi aron ta ya riƙa nomawa. Kun san yadda ake yi, duk kaka mai aro zai kawo dami ɗaya na gero, ba don geron ba, don kowa ya san gonar tana da mai ita. Ina yarinya da idona nake ganin damin nan ana sauke shi a zaurenmu.

Shekarar da mahaifina ya rasu, Baba Sahabi ya kawo dami kamar kullum, sai Inna ta ce ya mayar, wai yana da iyali da yawa, kuma ita kunya take ji ta karɓi abu hannun aminin mijinta. A gaban mutanen da suka rako shi ta ce, "Ka bar kawowa, an bar maka." Ita damin take nufi. Tun daga nan ko zangarniya bai ƙara kawowa ba, yau fiye da shekara goma.

Yanzu gari ya cimma gonar, ɗaliban jami'a sun cika Kalgo, ko'ina ɗakunan haya ake ginawa. Ni da yayana muka ce mu ma mu gina ko huɗu ne Inna ta samu na cefane, don ɗinkina ne ke riƙe da gidan. Muna zuwa muka tarar Murtala, ɗan Baba Sahabi, ya zuba bulo, har ya fitar da shago biyu ya sa 'yan haya! Da na yi magana ya ce wai in je in yi aure in bar maganar maza. Wallahi ban raga masa ba, sai da mutane suka taru.

Muka kai ƙara kotu. Baba Sahabi, mutumin da ya yi wa mahaifinmu wankan gawa, ya tsaya gaban alƙali ya ce kyauta aka ba shi, ya kawo mutum biyu da suka ji Inna ta ce an bar masa. Lauyanmu ya ce akwai abin da ake kira hauzi, wato in mutum ya daɗe riƙe da wuri masu shi suna kallo ba su ce komai ba, shari'a na iya bar masa. Ya ce sai Inna ta zo da bakinta ta faɗi abin da take nufi, ta kuma shaida aro ne tun farko.

To nan ne matsalar. Inna ta ce ba ta zuwa. Wai "Mi ya yi zahi? Ni in tsaya gaban alƙali in ƙaryata Sahabi? Da wane ido zan dubi babanku gobe ƙiyama?" Na ce Inna shi da wane ido zai dube shi? Ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba. Yayana kuma ya yi laƙwas, kawunnanmu sun kira shi sun ce a yi sulhu, su Murtala su ɗauki bakin titi mu ɗauki bayan, inda ruwa ke kwanciya da damina. Gonar ubanmu fa, a ba mu kwatami a ce mu gode!

Lauya ya ce zan iya neman kotu ta aika wa Inna sammaci, dole ta zo. Ita kuma ta ce ranar da takardar kotu ta shigo gidan nan da sunanta, in nemi wata uwar.

Zaman kotu na gaba ya matso. In sa a yi wa mahaifiyata sammaci, ko in karɓi kwatamin in yi shiru Murtala na karɓar haya a gonarmu? Masu cewa in yi haƙuri, na ji, amma ku faɗa min wanne zan haƙura da shi, gonar ko Inna.