Layi Huɗu Aka Ba Ka, Yaya

Zuwa ga yayana Isiyaku mai albasa, duk inda wannan ta same shi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kai da Hauwa da Ummi, da fatan kuna raye cikin ƙoshin lafiya. Gaisuwata ta ƙare nan. Ka ga ba ta ci rabin shafi ba, kuma sama ba ta faɗo ba.

Takardarka ta same mu a Bichi, ta hannun masu agajin nan da ke ƙetara bakin daga da saƙonnin iyali. Ita kaɗai muka gani tun ranar da ka cusa mu a motar albasa a Anacha, ni da Inna, ka ce ba za ka bar matarka Hauwa da goyon Ummi ba, danginta 'yan ƙasar ne, za su ɓoye ku. Ban ga laifinka a nan ba. Laifinka yana cikin takardar.

Layi huɗu aka ba ka. Na bincika, an ce kowa ya zo sai an gaya masa, duk abin da ya haura layi na huɗu rabon almakashi ne. Kai kuwa ka zauna gaban magatakarda ka miƙe ƙafa kamar ranar suna. Ka gai da Inna, daidai ne. Ka gai da ni, na gode. Sai liman, sai 'yan layin tattasai na kasuwar Ose ɗaya bayan ɗaya, har da Tanko mai wankin hula, wanda kuka shekara ba kwa ga maciji. Bawan Allah ya matse rubutu kamar jerin tururuwa, ya yi iya yinsa. Ƙarshen layi na huɗu ga abin da ya rage: "muna nan lafiya a wani gari da ake kira". Daga nan an datse.

Da ake kira me, Yaya? Tanko ya samu gaisuwarsa cif, mu ba mu samu sunan gari ba.

Shekara nawa ina buga wa 'yan kasuwa wayar tangaraho a gidan waya na Anacha? Ƙa'idata ba ta canja ba: gari, kaya, rana. "Albasa ta karye, tsai da mota." Mutum yana Sakkwato ya gane, ya tsai da motarsa. Kai kuma kana tsaye a kaina kana tsaki, wai aji huɗun da na yi ya cinye mini kunya. "Saƙon da babu gaisuwa jifa ne," in ji ka. To, ko albasa lawashi ake yankewa a bar kai. Kai da ka tsufa a sana'ar, lawashi ka aiko mana.

Da hanya ta ɗan buɗe na biyo bayan motocin soja da goro da taba. Rumfarmu toka ce. Na je ƙauyen su Hauwa, ko akuya babu, an ce sun yi ciki tun tuni. Na bi zangon Hausawa na Ogui, na tambayi duk mai hula. Kowa sai ya ce wane gari ne, ni kuwa in wuce wajen na gaba.

Na sani, gaisuwar nan taka ce ta sa matar da muke haya a gidanta ta ɓoye mu a ɗakin doya kwana biyu da rikici ya tashi, don kullum safe sai ka durƙusa mata da yarensu. Ban manta ba. Daga bakin kasuwa zuwa rumfa sai shayina ya huce kana tambayar jikokin mutane. Yanzu da zan ji muryar nan, wallahi sai in bar ka ka gai da duk Anacha ban ce uffan ba.

Amma ga abin da ka ja mini. Inna ba ta karatun boko. Ranar da na karanta mata, na zo ƙarshe, idonta yana kan bakina. Bakin ɗan kasuwa bai saba tsayawa babu ciniki ba, sai na ji na ce Fatakwal. Kafin in baro Bichi, kowace Juma'a sai ta sa na maimaita, ni kuma in maimaita har da Fatakwal ɗin. Na sha sayar da albasa mai ruɓa a gindin buhu, barcina bai taɓa ragewa ba. Wannan kam ta hana ni cin abinci.

Yanzu an aiko mini cewa ta ɗaure kayanta: kuka, daddawa, da ɗan zane na takwararta Ummi. Ta shiga motar 'yan shanu da gwiwar nan tata, ba wanda ya iya tsai da ita. Asabar za ta sauka nan Ogui, inda nake.

Na kwafi wasiƙar nan uku, ta masallacin Anacha, ta Ogui, ta Fatakwal. In wani ya karanta maka, ka ba shi sunan garin tukuna, kafin ka tambaye shi gajiya.

Ni dai zan tare ta a tasha, in ɗauki ƙunshin, in kai ta Fatakwal mu bi layin 'yan shanu ƙofa ƙofa, don ban san da wane baki zan gaya mata ba.

Allah Ya tsare ku inda kuke, Ya rufe idon mugu daga kanku. Allah Ya sa ƙaryata ta zo daidai da gaskiya, amin.

Ƙaninka mai fushi da kai,
Sabo