A Daina Fitar Mana Da Yara Daga Aji Don Rawar Baƙi

Daga: Feresta Nyirakamana,
Shugabar Iyayen Yaran Batwa,
Ƙauyen Kabuhoro.

Zuwa ga: Mai Girma Sufeton Makarantu,
Gundumar Kisoro.

14 ga Yuli, 2023.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: YAWAN RAWAR DA AKE SA 'YA'YANMU A LOKACIN DARASI

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ina rubuto wannan takarda ne da yawun iyaye 'yan ƙabilar Batwa masu yara a makarantar firamaren ƙauyenmu. Da farko muna godiya. Tun da aka fitar da mu daga dajin da muke zaune a da, ba mu taɓa ganin yaranmu sun cika benci kamar bana ba, ga tuwon masara da wake da ake ba su da rana. Sai dai muna da kuka kamar haka:

1. Duk ranar da baƙi suka zo makarantar, shugaban makaranta yakan shiga aji ya tsame yaran Batwa kaɗai, a cire musu kayan makaranta, a ɗaura musu fatu, su fita fili su yi rawa. Sauran yara kuwa suna ciki ana ci gaba da koya musu.

2. A ranar 6 ga Yuni wasu Turawa masu zuwa kallon goggon biri suka biyo. An yi rawa tun safe har rana ta take. A ranar 27 ga wata wasu masu rabon sabulu suka zo, aka sake. Ranar 4 ga Yuli ma da aka ga mota ta tsaya an fitar da su, ashe wani direba ne kawai ya ɓata hanya.

3. Jikata Dusabe tana aji bakwai, za ta zauna jarrabawar fita a watan Nuwamba. Da na tambaye ta abin da aka koya musu, sai ta ce, “Kaka, sun yi lissafin raba lamba, mu kuma mun yi tsalle.” Mun yi dariya, ranka ya daɗe, amma daga baya na same ta a bayan ɗaki tana kuka. Likita take so ta zama, kuma ba mu ji an ce akwai rawa a cikin jarrabawar ba.

4. Mun je wurin shugaban makaranta cikin ladabi. Ya ce da wannan rawar ake samo wa makaranta taimako, yana kuma ɗaukaka al'adarmu. Ba mu ƙaryata shi ba, mutumin kirki ne. Amma tsoho Sebahire, wanda a daji aka haife shi, ya ce masa, “Malam, wannan da kake nuna wa baƙi ai ba rawa ba ce, tumaki ne suka ji ruwan sama. Yaushe aka haifi yaran nan da za su iya?” Shi kansa malamin sai da ya dara, amma bai canza komai ba.

Saboda haka muna roƙon mai girma Sufeto da ya ba da umarni a bar yaranmu a aji kamar na kowa, a kuma maimaita musu darussan da suka wuce su. Rawa kuwa mu tsofaffi mun ɗauki nauyinta. Mun riga mun fara gwaji a gindin bishiyar coci, har ƙugun Sebahire ya riƙe, amma ya ce zai warke kafin baƙi na gaba.

Muna gayyatarka ka zo ka gani da idonka. Sai dai don Allah kada ka sanar da ranar zuwanka, domin in an ji kana tafe, fitar da su za a yi su yi maka rawa.

Ka huta lafiya.

Taka mai biyayya,
Feresta Nyirakamana,
a madadin iyayen Batwa na Kabuhoro.